Darasi Domin Iyaye: Shirya Hannun Yaro Tun Yana Gida

Ranar da a ke kai yaro aji ɗaya, malami ya kan miƙa masa fensir ya ce ya yi zane. A nan a kan ga bambanci. Wani yaro ya kan kama fensir da yatsu uku, ya ja layi, ya zagaya, ya ɗaga kai yana murmushi. Wani kuwa ya kan damƙe shi da dukan hannu kamar mai riƙe da muciya. Ya danna har bakin fensir ya karye, takarda ta huje. Kafin a jima hannunsa ya gaji, ya soma kuka. Malami ya ce ba ya mai da hankali. 'Yan ajinsu su yi masa dariya. A gida kuma a ce, "Wannan ba shi da kan karatu."

Sau da yawa ba a yi wa yaron nan gaskiya ba. Kansa lafiya lau ya ke. Hannunsa ne bai shirya ba. Idan kuwa yaro ya ji kunya tun a makon farko, ya kan ƙi makaranta, wani ma ya ƙi ta har abada. Darasinmu na wannan wata a kan wannan ne: yadda uwa da uba za su shirya yatsun yaro tun yana shekara 2 har zuwa 6, da kayan da ke cikin gida, ba tare da kashe ko kwabo ba.

DON ME MAGANAR TA SHAFE MU

Bari mu ɗauki Kakangi misali, garin da ke yammacin ƙasar Birnin Gwari a jihar Kaduna. Ƙasar noma ce, masara da dawa da wake suna yi ƙwarai. Amma mutanen wurin sun sha wuya shekaru da yawa a hannun 'yan bindiga da suka yi sansani a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana. A watan Afrilu na 2019 sun shiga Kakangi kanta, suka kashe mutane. A ƙauyuka da yawa na ƙasar an rufe makarantu, malamai suka gudu, iyalai suka bar gidajensu suka koma wurin dangi. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu da waɗansu shugabannin 'yan bindigan, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe.

Amma ku duba. Yaron da aka haifa cikin waɗancan shekaru bai tsaya ya jira a yi sulhu ba. Ya ci gaba da girma. Shekarun ƙuruciya in sun wuce ba su komowa. Ajin share fage na shekara ɗaya wanda tsarin ilimi na Nijeriya ya tanada kafin firamare, yaran ƙauye da yawa ba su taɓa ganin ƙofarsa ba. To, wa zai shirya su? Sai mu iyaye. A kan rufe makaranta, amma tsakar gida tana nan, uwa tana nan, kaka tana nan, masara da kara suna nan. Ko iyalin da suka yi gudun hijira suna zaune a ɗakin aro, suna iya yin dukan abin da za mu faɗa a nan.

YADDA HANNU YA KE GIRMA

Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27. Guda 8 daga cikinsu ƙanana ne, suna a wuyan hannu. Sa'ad da aka haifi jariri waɗannan 8 duka guringuntsi ne, watau ba su yi tauri ba tukuna. Da kaɗan da kaɗan su ke zama ƙashi, na ƙarshensu kuwa sai yaro ya kusa balaga. Saboda haka hannun ɗan shekara 3 ba ƙaramin hannun babba ba ne. Hannu ne wanda ba a gama ginawa ba. Wanda ya tilasta masa ya cika shafi da rubutu, kamar wanda ya ɗaura wa ɗan maraƙi garma ne.

Ƙarfi kuma ya kan bi hanya. Yaro ya kan fara mallakar kafaɗa, sa'an nan gwiwar hannu, sa'an nan wuyan hannu, daga baya yatsu. Domin haka ne rarrafe, da hawa bisa turmi, da ɗaukar ɗan tulu su ke da amfani. Kafaɗa mai ƙarfi ita ke riƙe hannu ya tsaya cik sa'ad da yatsu su ke aiki.

Ga yadda yawancin yara su ke yi:

Wata 9 zuwa 12: ya kan ɗauki ƙaramin abu da babban yatsa da manuni.

Shekara 1 da rabi: ya kan yi zane barkatai in an ba shi gawayi.

Shekara 2: ya kan kwaikwayi layi a tsaye, ya ɗora abu 5 ko 6 bisa juna.

Shekara 3: ya kan kwaikwayi da'ira, ya zira igiya cikin abu mai babban rami.

Shekara 4: ya kan yi layi biyu a gicciye, ya ɓalla babban maɓalli.

Shekara 5 zuwa 6: ya kan yi zane mai kusurwa huɗu da mai kusurwa uku, ya riƙe fensir da yatsu uku.

Ku lura, baƙaƙen boko duka daga waɗannan a ke gina su. Da'ira ita ce o. Layi a tsaye shi ne l. Layi da da'ira su ne b da d. Gicciye shi ne t. Yaron da ya iya waɗannan a kan yashi ya ci rabin hanyar rubutu. Kada kuma ku damu idan naku ya yi jinkirin 'yan watanni. Ko masarar da aka shuka rana ɗaya ba ta yin goyo rana ɗaya.

ABIN DA MALAMAN WAƊANSU ƘASASHE SUKA GANE

A ƙasar Jamus an yi wani malami, Friedrich Froebel. A 1840 ya sa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna Kindergarten, watau lambun yara. Bai fara da littafi ba. Ya ba su yumɓu, da 'yan gutattakin katako, da takardar naɗewa, da tsinke da jiƙaƙƙen wake su haɗa su yi siffofi.

A ƙasar Italiya kuma an yi wata likita, Maria Montessori. A 1907 ta buɗe Gidan Yara a wata unguwar matalauta cikin birnin Roma, domin 'ya'yan ma'aikata waɗanda iyayensu su kan fita su bar su duk yini. Ta koya musu shara, da wanke hannu, da ɓalla maɓalli. Ta yanka baƙaƙe da takarda mai kaushi irin ta kafinta, yara suna bin su da yatsa. Sai ga 'yan shekara 4 da 5 sun soma rubutu da kansu, mutane suna ta mamaki.

Yau a manyan birane masu kuɗi suna biyan kuɗi mai yawa domin a koya wa 'ya'yansu irin wannan. Amma ku sake duba kayan da malaman nan suka yi aiki da su: yumɓu, wake, tsinke, tsintsiya. Wanne ne babu a gidan manomi? Kakanninmu sun daɗe suna ba yara waɗannan ayyuka. Abin da ya rage mana shi ne mu san amfaninsu, mu riƙa yin su da niyya.

AYYUKA TAKWAS NA CIKIN GIDA

1. Tsinta da warewa. Uwa, sa'ad da ki ke tsince wake a faifai, ki zaunar da yaron kusa da ke. Ki ba ɗan shekara 2 ko 3 manyan abubuwa waɗanda ba za su shiga bakinsa ba, kamar ƙodagon goriba da totuwar masara, ya ware su cikin ƙwarya biyu. Ɗan shekara 4 ko 5 kuwa ki gauraya masa masara da wake, ki ajiye ƙoƙo biyu, ya raba su ɗaya ɗaya. Wannan yana ƙarfafa babban yatsa da manuni, su ne masu riƙe fensir. In ya gwanance, ki ba shi tsinke biyu ko maƙalin shanya ya riƙa ɗauka da shi.

2. Ɓara da tsinka. Da kaka aiki ba ya ƙarewa. Ɗan shekara 3 yana iya ɓare bawon ɗanyar masara, ya tsinke ganyen zogale ko na rama. Ɗan shekara 4 yana iya ɓare kwanson wake, ya cire ƙwayar masara daga jikin totuwa in an buɗe masa layin farko. Ɓarar gyaɗa a bar wa ɗan shekara 5. Amfanin wannan aiki shi ne hannu biyu suna aiki tare, ɗaya yana riƙewa, ɗaya yana yi. Haka rubutu ya ke: hannu ɗaya ya danne takarda, ɗaya ya rubuta.

3. Yumɓu. Babu abin da ya fi yumɓu gina ƙarfin tafin hannu. A ɗebo mai tsabta, a kwaɓa da ruwa kaɗan. Yaro ya matsa, ya mulmula kamar dawon fura, ya murza ya yi dogo kamar igiya. Daga nan ya gina 'yar tukunya, da turmi, da sa mai tozo da ƙaho. In ya kai shekara 5, a lanƙwasa dogon yumɓun nan a yi baƙin farko na sunansa. Kada a hana yara tuwon ƙasa don tsoron datti. Ruwa da sabulu suna maganin datti. Ranar da a ke yin ƙuli-ƙuli kuma, a wanke masa hannu a ba shi ɗan tunkuza ya mulmula nasa.

4. Zubawa da ɗurawa. A ba shi ludayi da ƙoƙo biyu, ya kwashe yashi ko ruwa daga wannan zuwa wancan. Daga baya a ba shi cokali. Daga baya kuma ya ɗura ruwa cikin gora mai ƙaramin baki, ya murɗa murfin ya rufe, ya sake buɗewa. A ba shi tsumma ya jiƙa ya matse. Wannan yana koya wa wuyan hannu juyawa, yana koya wa ido da hannu su yi tafiya tare.

5. Zira igiya. Uba ya yanka kara gaɓa gaɓa, ya huda tsakiyar, ko ya huda murafun gorar roba da ƙusa. A ba yaro igiyar rama gajeriya, a ƙulla gindinta. Ya zira ɗaya bayan ɗaya ya yi wa kakarsa abin wuya. Ga wanda ya girma kaɗan, a huda ramuka a gefen kwali, ya bi su da igiya kamar mai ɗinki. Ɗan shekara 5 yana iya soma kitso da igiya uku, ko da gemun masara a kan 'yar tsana, yana iya soma saƙar kaba mai sauƙi wurin tsofaffi.

6. Kayan kara. Wannan aikin uba ne da yayye maza. Wanene cikinmu bai yi motar kara ba, ko tabarau, ko keke? Babba ya fere bawon karan, gama yana da kaifi, ya kan yanka yatsa. Yaro kuwa ya soka 'yan tsinkayen cikin totuwar, ya haɗa ƙafa da ƙafa. Kada uba ya ƙera motar duka ya miƙa masa. Motar da yaro ya haɗa da kansa, ko ta karkace, ta fi masa amfani.

7. Zane. A share wuri a tsakar gida, a baza yashi mai laushi. Yaro ya fara da yatsa, sa'an nan da tsinke. Ki ja layi, ya ja. Ki yi da'ira, ya yi. Ku zana rana, da kaza, da bukka, da mutum. A ba shi gawayi ya yi zane a jikin katanga ko bisa allo, gama zane a tsaye yana ƙarfafa kafaɗa da wuyan hannu. Ga wata dabara: a ba shi guntun gawayi ko guntun alli, kada a ba shi dogo. Guntu ba ya damƙuwa da dukan hannu, dole yatsu uku su kama shi. Tsohuwar takarda kuma kada a yar. Ya kekketa ta, ya dunƙule, ya naɗe. In akwai almakashi marar tsini, ɗan shekara 4 yana iya soma yanka ganye da takarda a gaban babba.

8. Yi wa kai hidima. Wannan shi ne aikin da mu ke ƙwace wa yara ko wace rana saboda sauri. Cin tuwo da hannunsa, riƙe kofi, wanke hannu, sa riga, ɓalla maɓalli, jan zif, ɗaura mazagin wando, naɗe tabarma. Ko wane ɗaya darasi ne. Uwa ta kan ce, "Kawo in yi maka, kana ɓata mini lokaci." Gaskiya ne ya kan ɓata lokaci. Amma minti biyu da aka ba shi yau, su ne za su sa gobe ya yi da kansa.

Ban da waɗannan, akwai wasanninmu na gargajiya. 'Yar carafke tana koya wa yatsu sauri, tana koya wa ido bin abu. Wasannin tafi na 'yan mata a dandali suna haɗa hannun dama da na hagu. Haƙa gurabun dara da jera 'ya'ya a ciki aiki ne mai kyau ga ɗan shekara 5. Maza da mata duka a bar su su yi. Yatsun namiji suna bukatar zira igiya, yatsun mace suna bukatar motar kara, gama fensir ɗaya za su riƙe.

YADDA ZA A KOYAR

Na ɗaya, a nuna, kada a cika surutu. Ki yi abin a hankali a gabansa sau biyu, sa'an nan ki miƙa masa.

Na biyu, kaɗan kaɗan kullum. Minti 10 ko 15 sun isa. Da yayyafi kogi kan cika. In ya gaji ko ya soma jefar da kayan, a bari sai gobe.

Na uku, daga babba zuwa ƙarami, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ludayi kafin cokali, yatsa kafin tsinke, yashi kafin takarda.

Na huɗu, a yaba ƙoƙari. A ce, "Madalla, Auta, ka ware su duka," ko "Sannu da aiki, uwata." Kada a ce, "Dubi na yayarka ya fi naka." Kada a yi duka in ya zubar. Yaron da ya ke tsoro hannunsa ya kan yi rawa.

Na biyar, a yi ta magana da shi cikin aikin. A ƙirga waken: ɗaya, biyu, uku. A faɗi launi, a faɗi babba da ƙarami, sama da ƙasa, dama da hagu. Da haka harshe da lissafi suna girma tare da hannu.

Akwai wani amfani kuma. Yaran da suka ji ƙarar bindiga, ko suka kwana a daji, su kan firgita, waɗansu su daina magana, waɗansu su riƙa fitsarin kwance. Zama kusa da uwa ko kaka ana aikin hannu a natse, a lokaci ɗaya ko wace rana, yana taimakon zuciyar irin wannan yaro ta kwanta.

Game da bahago: wajen mutum 1 cikin 10 bahago ne, haka aka halicce shi. Yawancin yara sai sun kai shekara 4 zuwa 6 a ke tabbatar da hannun da suka fi so. A koya masa ci da gaisuwa da karɓar abu da dama bisa ga ladabinmu, da lallashi. Amma zane da rubutu, a bar shi ya yi da hannun da ya fi masa sauƙi. Duka ba ya mai da bahago badame, sai dai ya sa ya ƙi rubutu.

Game da waya: yanzu iyaye da yawa su kan miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Shafa gilashi da yatsa ɗaya ba ya gina hannu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ma ya fi.

HATTARA

Rigakafi ya fi magani. Ku riƙe waɗannan da kyau.

Shaƙewa. Yaron da bai kai shekara 3 ba ko me ya samu baki ya ke kaiwa. Kada a ba shi wake, ko masara, ko tsakuwa, ko maɓalli. Gyaɗa ƙwaya ƙwaya kuwa kada a ba wanda bai kai shekara 5 ba, gama ta kan faɗa hanyar numfashi. Ko ga manyansu, babba ya zauna a wurin har a gama, a kwashe kayan. In yaro ya shaƙe amma yana tari, a bar shi ya yi tarin. In ba ya iya tari ko kuka, a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5. In bai fita ba, ga wanda ya wuce shekara 1, a tsaya a bayansa, a sa dunƙulen hannu sama da cibiya, a matsa ciki da sama har sau 5. A yi ta maimaitawa, a aika neman taimako. Kada a zura yatsa a lalubi abin da ba a gani.

Hanci da kunne. In wake ko masara ya shiga, kada a zuba ruwa, gama ya kan kumbura. Kada a tsokana da tsinke. A kai shi asibiti.

'Ya'yan itace masu dafi. Idon zakara yana da kyaun gani, ja da baƙi, yara suna sonsa, amma dafi ne mai kisa. Haka 'ya'yan zurman da na bini da zugu. Irin shuka da aka shafa wa magani, mai launin ja ko shuɗi, da hatsin da aka sa wa maganin ƙwari, da gwangwanin maganin feshi, duka a nisanta su da yara.

Ƙasa da duwatsun haƙar zinariya. Ana haƙar zinariya a ƙasar Birnin Gwari, saboda haka wannan gargaɗi namu ne. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma. Dutsen zinariyar wurin yana da dalma a ciki. Ana kawo shi gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida, yara su yi wasa a ƙasa su kai hannu baki. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka mutu. Dalma ba ta da wari, ido kuma ba ya rarrabe dutsen da ke da ita. Wadda ba ta kashe ba ta kan lalata ƙwaƙwalwa. Domin haka kada a ɗebo yashi ko yumɓu ko tsakuwar wasa kusa da ramin haƙa ko wurin wanke zinariya. Kada a daka dutse a gida, ko a turmin abinci. Mai aikin haƙa ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro. Tsohon batir kuma ba abin wasa ba ne.

Ruwa, igiya da ƙarfe. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa cikin bokiti ko baho, kada a bar shi shi kaɗai. Igiyar wasa ta zama gajeriya, wadda ba za ta naɗe wuya ba. A koya wa yara in sun tsinci harsashi ko wani baƙon ƙarfe a gona ko a hanya, kada su taɓa, su kira babba.

Bayan ko wane wasa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. A riƙa yanke farce.

YAUSHE ZA A NEMI MA'AIKACIN LAFIYA

A kai yaro a duba shi idan hannu ɗaya kullum a dunƙule ya ke ko ba ya amfani da shi. Idan tun bai shekara 1 ba ya ke aiki da hannu ɗaya kaɗai. Idan ya wuce shekara 1 da 'yan watanni ba ya iya ɗaukar ƙaramin abu da yatsu biyu. Idan ya manta abin da ya iya a da. Ko idan ya kan kawo abu dab da idonsa kafin ya gani. Zuwa da wuri ya kan sa a sami taimako. Ku tuna kuma yaron da ba ya ƙoshi ba shi da ƙarfin wasa. Wake, da kunun gyaɗa, da ƙwai, da zogale, da nono suna gina jiki da ƙwaƙwalwa.

AIKIN WANNAN WATA

Ko wace uwa ta nemi ƙwarya ɗaya ko tsohon kwano, ta tara kayan yaron a ciki: totuwa, murafu, 'yar igiya, guntun gawayi, ludayi. Ta zaɓi lokaci ɗaya, ko da hantsi sa'ad da ta ke tsince wake, ko da la'asar kafin a ɗora tukunya. Ko wane uba ya zauna da yaronsa sau ɗaya a mako su yi abin kara. Yau ku sa yaron ya yi zanen mutum a takarda, ku rubuta kwanan wata, ku ajiye. Bayan wata 3 ya sake yin wani, ku gwada su. In akwai maƙwabciya wadda ba ta iya karatu ba, ku karanta mata wannan darasi, ku gayyaci 'ya'yanta su yi tare da naku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Don me bai kamata a tilasta wa ɗan shekara 3 ya cika shafi da rubutu ba?

2. Waɗanne siffofi ne yaro zai iya kafin ya soma rubuta baƙaƙe?

3. Cikin ayyukan nan takwas, waɗanne ne a ke yi a gidanku? Wanne za ku ƙara a wannan mako?

4. Waɗanne ayyuka ne mu ke ƙwace wa yara saboda sauri?

5. Daga ina a ke ɗebo yashi da yumɓun da yaranku su ke wasa da su? Wurin yana nesa da ramin haƙa?

6. Me za ki yi in yaro ya shaƙe ba ya iya tari? Ku gwada wa juna yadda a ke sa hannu.

7. Akwai iyalin da suka yi gudun hijira a unguwarku? Yaya za ku taimaki ƙananan 'ya'yansu su shirya kafin su shiga aji ɗaya?